Akwatin Tumatirin Injiniya Ƙyalƙyali

Tun da asuba, kafin masu shayin unguwar Sabo su hura wuta, Injiniya Maharazu yana ƙofar gida yana goge akwatinsa da gefen babbar riga. Allah ya yi wa unguwar nan baiwa da wannan bawa nasa. Sati biyu ya yi yana kallon darasi a waya, ya wayi gari injiniya, har da hular kwano da ba ya cirewa sai zai yi alwala. Bai taɓa ɗaukar ko buhun gishiri ba, amma ya fi duk 'yan dakon kasuwar Shasha sanin ciwon wuya. Mutane na kiransa Injiniya Ƙyalƙyali, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Abokin gabansa ɗaya ne a duniya: kwandon tumatir.

"Ku dubi abin kunya!" in ji shi a majalisa. "Duk huji! Ana zamanin kwamfuta kuna zuba dukiya a saƙar ƙauye. Dizain ake yi yanzu, jama'a. Dizain!"

Dizain ɗin nasa akwatin baƙin ƙarfe ne, cikinsa roba, murfinsa gilashi, ko sauro ba shi da ƙofar shiga. Mai waldar da ya haɗa masa ya ce tumatir na son iska. Injiniya ya ce irin wannan tunanin ne ya bar shi yana walda a bakin kwata.

Saura gwaji, sai ƙaddara ta faɗa kan Dalhatu, mijin ƙanwarsa. Shekara tara Dalhatu yana kai wa Iya Bose mai sayar da abinci a unguwar Mokola tumatir kwando uku kullum, cinikinta ne ke riƙe da gidansa.

"Yaya, ko a fara da kwando ɗaya?" in ji Dalhatu.

"Babbar ƙirƙira ba a gwada ta da kaɗan."

Kunyar surukuta ta sa Dalhatu ya amince. Ƙarti huɗu suka ɗaga akwatin ba komai a ciki, suna nishi. Aka juye kwando uku, aka datse murfi. Akwatin ya yi awa biyu a rana yana jiran Injiniya ya gama jawabi, ya ƙara biyu a bayan mota a cunkoson hanyar Ojoo.

A Mokola, Injiniya ya sa a ɗauke shi bidiyo, ya kama murfin. Ƙarfen ya ƙone masa hannu, ya saki, gilashin ya tarwatse. Tururi ya tashi, wari ya biyo baya. Iya Bose ta leƙa, ta toshe hanci da bakin zane.

"Malam Dalhatu, tumatir na ce maka, ba miyar shekaranjiya ba."

A gabansa ta ciro waya ta kira wani dillali, ta ce daga gobe shi zai riƙa kawowa. Dalhatu ya zauna a bakin titi ya dafe kai.

Injiniya ya gyara hular kwano. "Akwatin lafiyarsa lau. Tumatirin ne ba a noma shi daidai da dizain ba."

Iya Bose ta ce dizain ko ba dizain ba, sai ya kwashe mata ƙazantar nan daga ƙofa. Akwatin ya ƙi ɗaguwa. Injiniya ya duba gabas, ya duba yamma, ya sassauta murya ya roƙi aron kwando.

Ganin ƙarshe da aka yi masa, ya nufi bola da kwandon a bisa hular kwano, jan ruwa na bi ta hujin yana ɗiga a babbar riga.