Wanda Aka Bari a Tasha

Ku matso kusa, ku gyara zama, in ba ku labarin wani tsoho da jikarsa. Shekara talatin da biyu ya yi yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta a wata 'yar ƙaramar tasha. Yanzu ya ajiye aiki, tsohuwarsa, wato matarsa, ta rasu, ɗakin ya yi masa yawa: kujera biyu, mutum ɗaya, sai talabijin. Ranar da yake ɗoki a mako ita ce Asabar, don ran nan jikar tasa, ma'aikaciyar jinya, take zuwa da fim ɗin jirgi tana fassara masa. To wannan Asabar ce ta ƙarshe. An yi mata canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa, Litinin za ta tafi.

"…lafiya lau, in ban da jiran da aka sa ni," in ji tsohon. "Minti goma sha ɗaya kika makara. Da jirgi ce ke, da na kai ƙararki."

"Da jirgi ce ni, ai ba zan tsaya a tasharka ba, angona. Tasha ba fasinja, ba haƙori."

"Haƙorana huɗu, kuma duk suna bakin aiki. Me kika kawo min, mummunar amarya?"

Ta zube faya-fayai goma sha biyu a kan tebur. "Zaɓaɓɓu ne, da kaina na tsince. Wannan birki ne ya tsinke a gangare. Wannan soyayya ce, amma ta fi ƙarfinka. Wannan kuma dambe ake yi a saman tarago."

"Kwashe shi! Mutum a saman jirgi yana naushi, hularsa ko motsi? Ni za a yi wa ƙarya?"

"Ji mai sani! Kai da ko keke ba ka iya ba."

"Ni jirgi yake jira, yarinya. In ban ɗaga hannu ba, kowa ke ciki sai ya zauna."

"To wanne ne fim mai kyau a wurinka, ranka ya daɗe?"

Tsohon ya juya faifai ɗaya a hannunsa. "Wanda in jirgi ya tashi, mai ɗaukar hoto ba ya binsa a guje. Ya tsaya ya nuna mutumin da ke naɗe tutarsa. Naki duka, jirgi na tashi sai a manta da mu, kamar ƙasa ta haɗiye tashar."

Ta shiga tattara faya-fayan. Shi kuma ya ji maganar ta yi nauyi, sai ya yi maza ya ƙara da cewa, "Kuma wa zai fassara min? Bango?"

"Maƙwabcinka tela yana jin harsuna."

"Ai matsalar ke nan, shi gaskiya zai faɗa. Ke kuwa shekara uku kina shara min ƙarya."

"Ni? Sharri!"

"Ta yaya kowane direban jirgi a duniya zai leƙo ta taga ya ce, 'Tsoho, ka sha maganin hawan jininka'?"

"Haka aka rubuta a ƙasan hoton!"

"Har ɗan fashi da bindiga a hannu, wai a rage gishiri a miya?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta share ido da bakin mayafi. "Ashe ka sani, ka ƙyale ni?"

"In na tona ki, wa zai riƙa surutu a ɗakin nan?" Ya dubi kujerar tsohuwarsa, wadda jikar ke kai, ya kawar da kai.

"To saurara, rigimamme," ta ce. "Kowane faifai biyu na yi, ɗaya naka, ɗaya nawa. Duk Asabar ƙarfe huɗu zan kira ka a waya, mu kunna tare, in ci gaba da ƙaryata daga can."

"Ke sarkin latti? Jirgina zai kai tasha naki bai tashi ba."

"Sai ka jira. Me ka iya ban da shi?"

Nan tsohon ya tuntsire da dariya. "Kin ci, ja'ira." Ya laluba aljihu ya ciro agogonsa na aiki, mai sarƙa, wanda ko kakarta ba ta isa ta taɓa ba, ya damƙa mata. "Ƙarfe huɗu. Minti ɗaya ya wuce, na sake ki."

Ran Litinin da safe ya raka ta tasha. Ba tuta, sai ya ɗaga hankicinsa. Jirgi ya fara ja, sai ga kanta ta taga tana ƙwala masa kira: "Tsoho! Ka sha maganinka!"

Ya tsaya har tarago na ƙarshe ya ɓace. Ya linke hankicin sau huɗu yadda ya saba naɗe tuta, ya sa hannu aljihu don ya duba lokaci, ya ji wayam.

To ku da kuke saurare, da ku ne masu ɗaukar hoton ran nan, jirgin za ku bi, ko tsohon?