Ranar da Hajiya Ta Kira Zabiya

Ko da zan manta ranar da aka yanka ni a wuya, ba zan taɓa mantawa ba da wunin bikin Balkisa a bakin gulbi. Aikin asibiti dai an sa ni barci, ban san abin da aka yi ba. Wannan kuwa ido biyu na yi shi, da bakina, gaban dangin mutumin da nake so in aura.

Bari in fara da abin da kowa ke fara gani. Ni zabiya ce. Fata fara tas, gashi kamar gemun masara, idanu masu rawa in haske ya yi yawa. Haka Allah Ya yi ni, kuma na daɗe da shiryawa da madubi. Kalmar ce dai har gobe ba mu shirya ba. Tun ina ƙarama a Maraɗi yara ke bi na a hanyar lakkwal, wato makaranta, suna "zabiya, zabiya," ni kuma ina bin su da jifa. Na girma, na zo Yamai, na zama malamar firamare a unguwar Talladje. Dutsen kawai na aje, zuciyar tana nan yadda take.

To, wani ɗan ƙurji ya fito mini ƙasan kunnen hagu, ya ƙi warkewa. Ya bushe, ya fashe, ya sake bushewa. Na shafa man kaɗanya har na gaji, sannan na je asibiti, aka ce kansar fata ce. Aka yanke, aka ɗinke, ya bar mini tabo mai tsawon yatsa. Likitar wata mata ce da ba ta iya sakaya magana ba. Ta ce, "Madam, daga yau ke da rana kun rabu. Dogon hannu, wuya a rufe, malfa mai faɗi, kirem ɗin nan ki shafa ki sake shafawa. Daga hantsi zuwa la'asar ki nemi inuwa. In kika yi wasa zai dawo, kuma ba kullum yake dawowa inda wuƙa za ta kai ba."

A Yamai fa! Garin da rana ke fitowa tun safe kamar da faɗa ta kwana.

Sanusi ya san komai. Direba ne, shi ya yi ta kai ni asibiti yana jira a waje, kuma bai taɓa canza mini fuska ba. Mahaifiyarsa ce damuwata, Hajiya Mariyama, mai sayar da yaji da daddawa a kasuwar Piti Marshe, wadda in ta yi magana a bakin kasuwa ake jin ta a ƙarshenta. Ya gaya mata yana neman wata malama, kuma zabiya ce. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, "Na ji." Wannan "na ji" ta hana ni barci ba sau ɗaya ba. Shi ya sa na sa Sanusi ya rantse ba zai ambaci zancen kansar ba. Na ce masa, "Zabiyar ma ba ta gama haɗiye ta ba, kar ka ɗora mata ciwo a kai. Ka bari sai an ɗaura." Ya ce bai so, amma ya rantse.

Ana haka bikin ƙanwarsa Balkisa ya taso. Amarya da ƙawayenta suka ce su wuni za su yi a wani lambun mangwaro a bakin gulbi, inda ruwa ya janye da bazara ya bar yashi fari. Za a ci, a yi rawa, a tsoma ƙafa cikin ruwa, a ɗauki hoto. Har iyaye za su zo. Sanusi ya kawo mini atamfar inifom ɗin biki, wato anko, ya ce, "Madam, ranar Hajiya za ta gan ki da kyau."

Ɗinkin da ƴan matan suka zaɓa kuwa, hannu iya kafaɗa, wuya a buɗe har ana ganin ƙashi. Na kai wa Idi tela na unguwarmu, na ce nawa hannu har wuyan hannu, wuya har haɓa, a sa shafi mai kauri a ciki kar haske ya ratsa. Ya aje almakashi ya dube ni.

"Madam, bakin gulbi aka ce ko Makka da sanyi?"

"Ka ɗinka kawai, Idi."

"Zan ɗinka. Amma don Allah in an tambaye ki wa ya yi, ki ce daga Maraɗi aka aiko miki."

Na koma wurinsa har ya fara ɓuya in ya hango ni. Yau wuyan bai rufe tabo ba, gobe ya shaƙe ni, jibi hannun yana zamewa in na ɗaga. Ranar kuwa tun asuba nake gaban madubi. Na shafa kirem (irin mai kaurin nan da ke zama a fuska kamar an watsa maka kullu), na ɗaura ɗankwali, na kifa malfa a kansa, na sa baƙin tabarau, na sa safa a hannu da ƙafa, na ƙara da gyale a wuya saboda tabon. Na cire malfar, na mayar. Na cire gyalen, na mayar. Mai taksin da ya ɗauke ni sai leƙe na yake ta madubi, daga ƙarshe ya ce, "Hajiya, zuma za a je ɗiba?"

Da na isa lambun na samu ƴan mata tsaf cikin ɗinkinsu, kafaɗu na ƙyalli, suna gudu a kan yashi. Ni kuma ga ni nan kamar an naɗe tabarma an sa mata malfa. Na je na durƙusa na gaida Hajiya. Ta dube ni daga malfa har safa, ta ce, "Lafiya lau. Sannu da zuwa." Shi ke nan. Na lallaɓa can gindin wani mangwaro mai duhun inuwa na zauna.

Zama dai na yi, amma hankalina bai zauna ba. Zufa na bin bayana cikin shafin Idi. In taɓa gyale in ji ko ya zame. In duba inuwa in ga ta matsa, in ja kujera in bi ta. In ɓoye fuska cikin malfa in ƙara kirem kamar mai satar cin abinci da azumi. Duk wanda ya yi dariya, da ni yake. Duk matan da suka haɗa kai, zancena suke. Sanusi yana can yana sauke tukwane daga mota, in ya wuce ya ɗaga mini gira, ni kuma in harare shi, alhali bai yi mini komai ba.

Ba ni kaɗai ce a gindin iccen ba. A bayana akwai wata mata mai jiki, baƙa, ta baje a tabarma tana shan ruwan zafi cikin wannan zafin, tana gyaran murya. Kusa da ita ƴan mata biyu da ƙore a kife a gabansu. Na gaishe ta, ta amsa da kai. Na ɗauka gwaggon ango ce mai mura. (Ku riƙe wannan matar, ni ban riƙe ta ba.)

Bayan azahar aka gama cin abinci, aka share fili tsakiyar yashi, inda babu ko inuwar tsinke. Aka jona mikoro da lasifika. Sai ga Hajiya Mariyama ta miƙe, ta gyara ɗamara, ta juyo ta fuskanci iccenmu sak, ta ɗaga muryar nan tata ta kasuwa:

"Wai ina zabiyar nan ne? Tun da muka zo ta maƙale a inuwa! Hutu aka kawo ta yi? Ta fito fili mutane su gan ta, ta nuna mana abin da ta iya!"

Jama'a suka sa dariya, suka juyo gaba ɗaya suna kallon wajenmu. Har da masu tafi.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Wani abu ne ya taso mini daga ciki, na yaran Maraɗi da na "na ji" da na mai taksi, duk suka haɗu. Na taka har tsakiyar fili, na karɓe mikoro daga hannun yaron da ke riƙe da shi, na ce:

"Hajiya, ga ni na fito. Ku kalle ni da kyau." (Ko cikin haukan ban manta da "ku" ba, a yaba wa tarbiyyar gidanmu.) "I, zabiya ce ni, ba ni na yi kaina ba. Inuwar da kuka ga na shiga ba lalaci ba ne, ba girman kai ba ne. Likita ta ce in shiga. Kansar fata aka yanke mini, ga tabon nan!"

Na fizge malfa na yar. Na warware gyale. Na ja wuyan rigar da Idi ya sha wahala a kai har maɓalli ya tsinke, na juya wuyana ina nuna tabon gabas da yamma, kamar mai tallan haja. Lasifika kuwa tana kai maganata har tsallaken ruwa. Na ga wani mai jirgi ya tsaya da tuƙi.

Wuri ya yi tsit. Na ji daɗin shirun nan, na ɗauka maganata ce ta shige su. Na buɗe baki zan ƙara, sai na ji an dafa kafaɗata ta baya. Matar nan ce mai shan ruwan zafi, ƴan matanta biyu na biye da ita, ƙore a hannu. Ta miƙo hannu a hankali wajen mikoro, ta ce:

"Takwara, in kin gama ki ba ni. Ni ake kira."

Jama'a, zabiya. Mai waƙar biki. Tun daga Dogondutsi aka ɗauko ta. Ni da nake koya wa yara cewa kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu, ni da na sha rawa a gaban zabiyoyi tun ina goye, ranar kaina bai kawo mini wannan ba ko kusa.

Da yashin nan zai buɗe da na gode masa. Wata ta fara ƙyalƙyalewa ta toshe baki da mayafi, ta kusa da ita ta kama, kafin ka ce me har amarya ta duƙe tana riƙe ciki. Na hango Sanusi tsaye da tukunya a hannu, baki buɗe. Sirrin da na sa shi ya rantse a kai, ni na shelanta shi da lasifika. Kuma na yi wa uwarsa tsawa gaban surukanta. A raina na ce, shi ke nan, aure ya tafi, saura in nemi taksi.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Hajiya ta tako har inda nake, ta tsaya dab da ni, ta kama haɓata ta juya wuyana kamar mai duba kaza a kasuwa. Ta daɗe tana kallon tabon.

"Sanusi ya sani?"

"Ya sani, Hajiya. Ni na hana shi faɗa."

"Ciwon yana dawowa?"

Na so in yi ƙarya, amma bayan abin da na yi ina sauran wurin ƙarya? Na ce, "Likita ta ce yana iya dawowa, in na yi wasa da rana."

Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dubi kaina da ba malfa, ta dubi wuyana a buɗe.

"Shi ne kika tsaya tsakiyar rana kina yi mini wa'azi? Ke wace irin yarinya ce!"

Ta duƙa da kanta ta ɗauko malfar daga yashi, ta kaɗe ta, ta kifa mini ita da ƙarfi har ta rufe mini tabarau. Ta yaye mayafinta ta naɗa mini a wuya. Sannan ta ja hannuna zuwa gindin mangwaro tana faɗa duk hanya, wai mutum na da ciwo ya ɓoye kamar ya yi sata, wai ɗanta ma zai gamu da ita. Ta sa aka kawo kujerarta kusa da tawa. Duk lokacin da inuwa ta matsa sai ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Ja kujerarki." Ba ta ce ta yarda da ni ba, ba ta ce ta yafe tsawar ba. Can cikin fili kuwa takwarata ta saki murya, kuma ba ta bar ni ba, sai da ta saka ni cikin waƙa, mata na guɗa suna nuno ni.

Ƴan mintocin da na yi a fili ba su tafi a banza ba. Washegari goshina da wuyana suka yi jawur suna zafi, na koma asibiti likita ta wanke ni tas. Da na ba ta labarin yadda aka yi, sai da ta cire tabaraunta ta share hawayen dariya, sannan ta ci gaba da faɗan daga inda ta tsaya.

Abin da na koya? Fata aka ce in rufe, ni kuma na haɗa har da baki na rufe, shi ya sa ranar da ya buɗe ya buɗe da lasifika. Sannan in na ji an kira suna a taro, yanzu sai na waiga na ga ko akwai mai shi kafin in miƙe.

Da aka zo namu bikin, Hajiya ta ce ba bakin gulbi, ba fili, cikin rumfa za a yi bayan la'asar, kuma matar Dogondutsin nan za a ɗauko. Ina zaune cikin lulluɓi na ji Hajiya ta miƙe ta ɗaga murya, "A kira mini zabiya!" Sai ta juyo wajena da sauri ta nuna ni da yatsa: "Ke zauna. Ba ke ba."