Hindu Za Ta Ɓalle

Da hantsi Haliru ya iso gida Ƙaura daga Sakkwato, inda yake karatun lauya. Ya tarar da kakarsa Hindu a ƙofar ɗakinta zaune kan ƙunshin kaya, ta rungume wata tsohuwar tukunyar ƙarfe. Tun da ɗanta Tukur ya ɗauko ta daga Banga, ranta bai zauna ba. Yau ta ce komawa za ta yi, ko da hanyar ta zama abin da ta zama. Ya gaishe ta, ta amsa.

"…lahiya lau, miji maras cefane. Ka taho daidai. Sake ni, in tahi garinmu."

"Tsohuwa, wa zai kwashe ki? Haƙori biyu gare ki, su ma ba su ga-maciji."

"Da su nic ci amarcin kakanka. Na ɓalle daga gidanga. Ƙasata daban, tutata daban."

"Ina tutar?"

"Ga zanena bisa igiya."

Haliru ya durƙusa ya gyara murya. "Tsarin mulki ya ce ƙasa ɗaya ce, ba ta rabuwa, ba ta warwarewa. Jiha ba ta fita don ta yi fushi."

"Wa yar rubuta?"

"Ya ce, mu mutanen ƙasa muka amince."

"Mu? Ni ina daka lokacin, ba wanda yat tambaye ni. Wanda duk yash shigo da ƙafarshi, ba ya hita da ita?"

"Wasu masanan haka suke cewa. Wasu kuma su ce in an gama gari a tukunya, ba mai tsame nasa. Sai dai a gyara dokar, majalisu su yarda. Majalisar gidan nan kuwa jikokinki ne, kuma na saye su da alewa."

"Ɗan banza mai kunnen faranti! To Zamfara da anka cire daga Sakkwato fa? Har guɗa niy yi."

"Wannan ɗaki aka ƙara a cikin gida. Ba a fasa katanga ba."

Hindu ta shafa bakin tukunyar. Daga inda take, da can ana jin kukan jirgin ƙasa in ya shigo tasha, mata su fito da fura da gyaɗa. Yanzu awaki ne ke kiwo a kan layin.

"Ka san mai tukunyag ga?" ta ce a hankali. "Stella, matar wani ma'aikacin tasha. Nan Ƙaura munka yi zaman amarci, katanga guda. Shekarar da mutanensu sunka ce sun ɓalle, ta miƙo man ita ta kan katanga, ta ce in aje mata, in ƙura ta lafa tana dawowa."

"Ta dawo?"

"Jirgi dai ya dawo."

Haliru ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago. "To ke wa za ki bar wa ajiya in kin tafi? Ni ko ruwan zafi ƙona shi nake."

"Ai shi ya sa ba ka yi aure ba."

"Ina da ke. Faɗa mini gaskiya, me aka yi miki?"

Ta kalli madafa, ta rage murya. "Ba su bari in taɓa wuta. Wai in huta. Miyarsu kuwa duk dunƙulen kanti, ba daddawa. Mutum ya zauna a kawo mashi kamar mai jinya?"

"Ashe ba ƙasa kike nema ba, jiha kike so."

Ya tashi ya kewaya bayan rumbu, ya kinkimo duwatsun murhu, ya jera su a gindin katangar ɗakinta, ya karkaɗe hannu.

"Ga jiharki, ranki ya daɗe. Ke ce gwamna, ke ce majalisa. Amma harajin tarayya kwano guda ne kullum, ni ke karɓa."

"Ɓarawon gwamnati!"

Dariya ta kama ta har ta share ido da gefen mayafi. Ta kwance bakin ƙunshin, ta ciro hocen da ta tanada don guzuri, ta jefa masa.

"Ungo, cinye. Tahiyar ta fasa."

Sannan ta ɗora tukunyar Stella a kan duwatsun, ta juya ta har ta zauna daidai.

"Nemo man itace. In mai ita ta taho, ta iske ta da ɗumi."