Kwafin da Ilu Ya Kai Gashuwa

Ranar Talata, sha huɗu ga Yunin 2022, gari ya waye da hadari a Malumfashi, amma ko ɗigo bai sauka ba. A ranar ce Malama Kulu ta damƙa wa ƙanenta Ilu kwamfutarta ya riƙa kula da ita. Shekarunsa arba'in, babu aikin da ya taɓa yin wata biyu a kansa, domin abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Mijinta, Alhaji Barau, ya ce gara ta jefa na'urar a rijiya. Kulu ta yi kamar ba ta ji ba.

A cikin kwamfutar akwai waƙoƙin niƙa da daka da ta yi shekara bakwai tana ɗauka a bakin tsofaffin matan ƙauyuka, yawancinsu kuwa sun rasu. 'Yarta Rabi, kafin ta koma Zariya, ta nuna wa kawunta baƙin allon da ake rubuta wa na'ura umarni, ta bar masa dokoki uku a takarda.

Wata rana Ilu ya ɗauki dokar farko: rubuta abin da na rubuta daidai. Ya buga tar -czf ajiya.tar.gz sunan_foldarka. Na'ura ta ce babu folda mai wannan suna. Ya sake har sau goma.

"Sunan foldar gaske za ka sa a wurin," in ji Kulu.

"Yaya, daidai aka ce."

Sai ya je ya sauya wa foldar waƙoƙin suna zuwa sunan_foldarka. Umarni ya tafi sumul. Kulu ta wuni tana neman waƙoƙinta.

Wata rana kuma ya kai ga ta biyu: duk Juma'a matse komai a ƙunshi ɗaya. Komai ɗin nan Ilu bai bar ko ƙunshin makon jiya ba, cikin foldar yake mayar da shi ya sake matsewa. Mako shida na'ura ta cika, ta ƙi ko buɗe hoto. Rabi ta bugo waya.

"Kawu, tsohon ƙunshi ai ba a sa shi cikin sabo!"

"To shi ba ya cikin komai ne? Ki nuna mini inda kika cire shi."

Wata rana saura ta uku: ajiye kwafi nesa da kwamfuta. Ya tambayi Kulu nesa kamar ina. Tana tsakar tankaɗe, ta ce, "Iyakar nesan da ka sani." Ilu ya ɓace kwana huɗu. Ashe Gashuwa ya tafi, ya kai wa gwaggonsu, Gwaggo Ladiyo, filashi, 'yar na'urar ajiyar da ya zuba kwafin a ciki, ta sa a kwalla.

Alhaji ya ce, "Malama, durowar tebur yarinyar nan take nufi! Gobe ya koma ƙauye."

Kulu ta ce, "Ƙanena ne. Yana nan."

Ta sayi wani filashin, ita da kanta ta sa a durowa.

A watan Agusta aka kwana uku ana ruwa. Da hantsin rana ta huɗu rufin ɗakin karatu ya rufto. Kwamfuta da tebur da durowa duk suka kwanta ƙarƙashin laka, mai gyara ya ce sai haƙuri. Kulu ta zauna a tsakar gida, ta tuna wata tsohuwa, Iya Tasalla, da ta rera mata waƙa mako guda kafin rasuwarta.

Ilu ya ce, "Yaya, ai na Gwaggo yana nan."

Alhaji ya gyara murya. "To, Malam Ilu, sai ka je ka karɓo."

"Ba za ta ba ni ba. Na ce kada ta ba kowa sai ta ga wasiƙar Yaya da kan sarki."

"Kai ma?"

"Kowa na ce."

Suka kira Gwaggo a waya, ta ce amana ce, ita wasiƙa take jira. Kulu ta rubuta, ta sa hannu, ta miƙa wa mijinta. Alhaji da kansa ya taka har gidan waya ya jefa ta a akwati. Ilu na biye da shi, riƙe da kwafin wasiƙar, yana tambayar wane gari ne ya fi Gashuwa nisa.