Rasuwar Ɗan Baƙi, Keken Fagen Ɗorawa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba zan ɓoye wa kowa ba, ni Gwadabe tela na Bebeji ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Kiru, Yako, Tudun Wada har Doguwa rasuwar kekena, Ɗan Baƙi. Ya cika ranar Laraba a rumfar Ɗanliti mai gyara, cikin wannan rani na 1956, bayan jinyar da bai cancanta ba.

Marigayin mai haƙuri ne, mai ɗaukar nauyin da ya fi shi. Ya kai ɗinkuna kasuwannin ƙasar nan, ya ɗauko unguwarzoma, ya kai gaisuwar mutuwa da ta suna. Abincinsa iska, abin shansa ɗigon man gyaɗa. Lambar harajin hukumar En'e tana wuyansa kowace shekara, bai taɓa sa ɗan doka ya tare ni ba. Maganarsa ɗaya ce, "ƙirin-ƙirin", ita yake yi wa babba, ita yake yi wa akuya.

Amma inda aka fi saninsa shi ne Fagen Ɗorawa, filin da ke bayan unguwarmu. Da kaka a yi sussuka a wurin. Da rani kuwa, bayan la'asar, masu kekuna mu fito mu yi ta zagaya ɗorawar don nishaɗi, masu koyo suna faɗuwa ana dariya. Rabin samarin unguwar nan a sirdinsa suka koyi hawa, har da 'ya'yan waɗanda suka yi sanadinsa.

Ciwon ajali ya faro ne da ƙorafi. Malam Shitu, maƙwabcin fagen, ya ce ƙararrawa tana firgita masa jakuna. Iya Turai, ita ma maƙwabciya, ta ce mun take mata shanyar kuɓewa, alhali kaji ne, kowa ya gani. Aka kai mu gaban mai unguwa, muka ba da haƙuri, muka matsa gabas. Aka sake kai mu, muka matsa yamma.

Sai ga safiyo, mai awon ƙasa, daga Kano da sarƙar awo da turaku, wai ana tsara garin. Ya tambayi fagen na wane ne. Muka ce na kowa ne. Ya ce takardarsa ba ta da gurbin kowa, kuma duk filin da ba gini a kansa hukuma za ta yanka yadda ta ga dama. Kafin ƙurar motarsa ta kwanta, mutanen da suka ce hayaniyarmu ta hana su sakat suka tuna ashe kakanninsu ne suka share wurin. Malam Shitu ya ja katanga daga kudu, 'ya'yan Iya Turai suka ja daga arewa. Ƙasar gini kuma, don ƙyuyar ɗauko ta daga kududdufi, suka haƙe ta a tsakiyar fagen, suka kwaɓa a cikin ramin, suka rufe da ƙaiƙayi da ciyawa don ta ruɓa, kamar yadda magina suke yi. Ko ƙaya ɗaya ba wanda ya kafa don alama.

Duk wannan gini da haƙa an yi su ina Doguwa wajen ɗinkin biki. Na dawo da rana tsaka, na ce bari marigayin ya zaga ɗorawarsa kafin mu shiga gida. Na hango ƙaiƙayi shimfiɗe, na ɗauka ragowar sussuka ce, wadda muka saba bi ta kai shekara da shekaru, sai muka afka cikin ramin. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙwaram". Wuyansa ya karye, ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar tsohon faifai. Ni na tsira da targaɗe. Malam Shitu ya leƙo ta kan sabuwar katangarsa, bai ce sannu ba, sai cewa ya yi na ɓata masa kwaɓi.

Ɗanliti ya yi iya yinsa, ya gasa, ya buga, ya ɗaure. Allah ya saka masa. Ranar da ya girgiza kai, ranar safiyo ya dawo ya ce hanyar motocin gyaɗa ce za ta ratsa fagen, katangun duka za a rushe, ɗorawar ma za a sare. Wato an kashe mini keke a kan filin da ba wanda zai samu. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a wuya.

Ya rasu ya bar famfon iska, da sirdi, da ƙafar baya mai sauran lafiya, da ƙararrawa wadda tun ranar ba ta sake magana ba. Ya bar samari masu ɗoki da ba su da wurin hawa, ya bar ni ina zuwa Kiru a ƙasa.

Za a yi zaman makoki a gindin ɗorawar ranar Juma'a bayan la'asar, in an same ta a tsaye. Masu kekuna su turo su da hannu, kada a yi biyu. Daga nan za a kai marigayin makwancinsa a tsakiyar fagen. Ba a buƙatar masu haƙa. Maƙwabta sun riga sun yi wannan ɗawainiya tun yana da rai.