Almu Ya Sace Turakar Malam

"Lahiya lau, ɓarawo. Ya gajiyar sata?"

"Gajiya ta bi lahiya, amarya. Ya kwanan kufai? Kuraye sun zo gaisuwa?"

A haka na iske su da hantsi, ni da ƙwaryar fura a ka. Goggo, uwar mijina, tana zaune bakin ɗakinta ta gicciye sanda a cinya. Almu jikanta, ɗan wan mijina, yana tsaye da diga a kafaɗa, jakinshi na bayanshi da mangala shaƙe da jar ƙasa.

Shekarar da hukumar En'e ta fasa hanyar mota ta gefen Ruwan Godiya, unguwarmu kaf ta sauko daga gindin dutse ta koma bakin hanya. Kowa ya tashi, har kaji, ban da Goggo. Ta ce inda mijinta Malam ya aje ta nan za ta zauna, Malam kuwa ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta sun yi lallashi har sun gaji. Liman ya tako da kanshi, ta ba shi goro ta sallame shi. Wahalar sai ta faɗo kaina ni Hajaratu, matar autanta, kullum ina hawa ina sauka da abinci kamar wadda aka yi wa baki. Amma wallahi ba tafiyar ke ci mani rai ba. Bangon ɗakinta ne. Ya tsage tun daga sama har ƙasa, mutum na iya zura hannu, ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Tsoro nake ji ruwan farko ya rufta ɗakin nan da ita a ciki.

Shi kuwa Almu leburanci ya yi a aikin hanyar, can ya ƙware da diga da shebur. Da aka sallame su sai ya zama shi ake kira in za a yi gini: ya share fili, ya tumɓuke kututture, ya fasa suri, ya haƙa harsashi. Kwanan nan Goggo ta lura cewa turakar Malam, wadda ta rushe ta zama tsibin ƙasa a bayan ɗakinta, kullum raguwa take yi. Shi ne yau ta yi kwanto ta kama mai kwasa.

"Rana dubu ta ɓarawo," in ji ta. "Ɓarayin kirki na korar shanu, kai ka ƙare a satar ƙasa. Jinin wa ka ɗauko?"

"Naki mana. Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe? An ce da kina budurwa, masu gishirin kasuwar Yankara rufe kaya suke yi in sun hango ki."

"Kallona suke tsayawa yi, ja'iri. Kai wa ya taɓa tsayawa kallonka? Ƙafafu kamar na zalɓe. Digar nan ita ke ɗauke da kai ko kai ke ɗauke da ita?"

"Ni? Ni ɗaya na haƙa hanya tun daga Funtuwa, sauran leburori ruwa kawai suke miƙo mani. Baturen hanya da ya ga aikina sai da ya cire hula."

"Zafi ya ji."

Na aje furar na samu gindin turmi na zauna, don na san in suka fara ba ranar gamawa. Ta ce mashi tun yana goye ta san ba zai yi abin kai ba, don ko kuka bai iya da ƙarfi ba. Ya ce ai nonon da ta riƙa ba shi na wasa ne ya hana shi ƙiba, kuma yana nan zai kai ƙara wurin alƙali. Ta ce ya je, alƙalin ma ita ta yanke mashi cibi. Daga nan ya kawo zancen da ke bakin kowa a gidanmu, ya ce ya gama share mata fili a sabuwar unguwa, jikin ɗakina. Ya cire kututturen kalgo, ya fasa surin da ke wurin har ya ciro uwar garar, ya kafa turke ya ja igiya ya zagaya, ya haƙa harsashi har gwiwa.

"Ka kori uwar gara don ka kai masu ni su ci?"

"Ke gara ta iya ki? Tsohuwar ƙirya? Haƙoranta za su zube."

"To in ramin mugunta ne, ka gina shi gajere."

"Ɗaki ne, tsohuwa. Har da wurin aje mazari."

Goggo ta murza sandarta. Da ta sake magana ba dariya a muryarta. "Rami guda ya rage ka haƙa mani, maigida, shi kuwa ba a zagaya mashi igiya. Ka adana ƙarfinka."

Maganar nan ta soke ni, na ji hawaye na neman zubo mani. Na ga Almu ya sauke digar daga kafaɗa ya jingine ta da bango a hankali.

"Wancan ban iya ba," in ji shi. "Ba a koya muna shi a aikin hanya ba. Sai dai ki nemi wani mijin."

"Rago."

"Na ji. Ragon naki ne."

Ta share hanci da haɓar zane, ta koma kan zancen ƙasarta. Ta tambaye shi ko ƙasa ce ta ƙare a duniya sai ta Malam. Ya ce ƙasar bakin hanya rairayi ce, ba ta kama jiki, ita kuwa ƙasar tsohon bango ta riga ta sha kwaɓi da ciyawa, kowane magini ya san ta fi ƙarko. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji shi, shi ya sa ma bai sake ta ba har yanzu. Gaskiya ya faɗa game da ƙasar, amma Goggo ba a yi mata wayo. Ta nuna mashi kangayen unguwa da sanda, ga su nan birjik, waɗansu ma sun fi kusa da hanya. Ta ce mi ya sa ya tsallake su duka ya hawo da jaki har nan?

Almu ya sosa ƙeya. Ni kaina ban taɓa tambayar kaina wannan ba, sai na kasa kunne.

"Ke kika ce inda Malam ya aje ki nan za ki zauna. Na duba na ga ban iya ɗaga ki, taurin kanki ya fi buhun gyaɗa nauyi. Sai na ce bari in ɗauke Malam ɗin."

"Ka ɗauke wa?"

"Turakarshi na can bakin harsashinki, tsibi guda, na jiƙa ta tana tsima. Da ita za a yi maki bango. Wagga mangalar ita ce ta ƙarshe. Ke dai zauna ki yi gadin kufai, mijinki ya riga ki tarewa."

Goggo ta ɗaga sanda kamar za ta kwaɗa mashi, shi kuwa ko gezau bai yi ba. Ta kira shi ɗan nema, ta kira shi mara kunya, ta ce ko a tatsuniya ba ta taɓa jin wanda ya sace wa mace miji a mangala ba. Ya bar ta ta ƙare zagin. Sai ya juya ya tura hannu cikin mangalar, ya ciro tubali guda, lafiyayye, ko ɓantarewa bai yi ba. Ya ce a can ƙasan bango ya same shi ɗazu, digar ta kusa raba shi biyu Allah ya tsare. Ya durƙusa ya aje mata a cinya.

Tubali dai da hannu ake mulmula shi, shi ya sa sawun yatsun mai yi ke zama a jiki in ya bushe. Na matso na leƙa. Ga sawun yatsu nan zara-zara, amma na ƙarshen guntu ne, rabi kawai ya fito. Duk wanda ya san Malam ya san lauje ya cire mashi kan ƙaramin yatsa tun yana yaro.

Goggo ta saki sandar daga hannunta. Ta ɗora yatsunta cikin sawun, ɗaya bayan ɗaya, nata ƙanana sun nutse a ciki. Ta daɗe a haka. Ni dai na juya ina gyara faifan fura wanda ba abin da ya same shi.

"Ni na ɗebo ruwan kwaɓin nan," in ji ta, "da cikin ubanka. Malam na mulmulawa yana mani faɗa wai na cika ruwa."

"Ashe tun can ba ki iya aiki ba."

"Rufe mani baki." Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta.

Almu ya zauna a ƙasa gabanta ya tanƙwashe ƙafa. Ya ce ita ma ta sani, tubalin farko babba ke aza shi da bisimilla kafin magini ya ɗora hannu. Baffanninshi sun ce a kira liman, shi ya hana.

"Na ce ɗakin matata ne, ba namijin da zai riga ta sa hannu. Harsashin na nan buɗe yana jiran ki. In ruwan can ya sauko kafin a aza, ramin ya cike, ƙasar Malam kuma ta narke ta bi kwalbati. Ni ba ruwana, na yi nawa."

Ta ɗaga kai ta dubi gabas. Hadarin ya yi baƙi a bayan dutse, iska ta fara kaɗa busasshen karan dangar da ta rage. Ta dubi tsagar bangonta kamar yau ta fara ganin ta, sannan ta dubi tubalin.

"Na san harsashin nan a karkace yake," in ji ta.

"Kamar wata daren sha huɗu yake."

"Ƙarya kake. Zuwa zan yi in gani in yi dariya, kar wani ya ce tarewa na yi. Hajaratu, naɗo mani tabarma."

"Mi za ki yi da tabarma wurin kallo?" in ji Almu.

"A tsaye zan yi dariyar? Ki haɗo da tukunyar nan da buta da kwandon auduga. Ɗakinki zan sauka, in ga ko kina shara."

Ni da na yi wata da watanni ina roƙon Allah ya nuna mani wannan rana, ban tsaya mayar da magana ba, ko da yake zancen sharar ya ɓata mani rai. Na faɗa ɗakin na kwaso kayan kafin ta sake shawara. Kayan ma nawa ne? Ɗauri guda suka yi.

Da na fito na iske suna wata sabuwar rigimar. Almu ya ce ta kawo tubalin ya mayar cikin mangala, ita kuma ya ɗora ta a kan jakin. Ta ce Malam ba kayan jaki ba ne, ita ma haka. Ta sa na riƙe mata tubalin a baya, ta jawo majanyi ta goya shi tamau, ta miƙe da kyar tana dafa sanda.

"Yau na ga abin mamaki," in ji Almu. "Mace za ta tare da maza biyu."

"Guda na goye, guda na korar jaki. Kowa da matsayinshi."

"Ko ladan haƙa babu?"

Ta kwance haɓar zane ta ciro goro guda, fari, wanda na san ta daɗe tana ɓoyo. Ta ɓare shi ta miƙa mashi ƙaramin ɓarin. Ya miƙo hannu biyu zai karɓa, sai ta janye ta aje mashi babban.

"Ungo, ɓarawo. Ka ci ni yau." Ta dafa kanshi, ta rage murya. "Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mai yi maka."

Ya ce amin, ya jefa goron a baki ya juya da sauri yana yi wa jakin tsawar da ba ta da dalili. Suka kama gangara, shi a gaba, ita a baya tana gaya mashi ko korar jaki bai iya ba. Na aje ɗaurin kayan na koma zan saki asabari in rufe mata ƙofa, kamar yadda take sa ni kullum in za ta zagaya.

Ba ta ko waiwayo ba. "Bar shi, Hajaratu," in ji ta. "Ba kowa ciki."