Yadda Za Ka Kare Shaddarka da Ilimin Kimiyya

Ka haƙa shadda taku shida daga rijiyar maƙwabciyarka, wadda duk layi ke ɗiba? Jikokinta sun fara gudawa, unguwa ta zuba maka ido? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari babu mahaluƙin da zai tabbatar da laifinka. An gwada su a layinmu nan Tudun Wada, tsakanin Malam Kailani mai shadda da Hajiya Maijidda mai rijiya, kuma har yau shaddar tana nan.

1. Haddace jimla ɗaya

"Kimiyya ba ta tabbatar da komai, ƙaryatawa kawai take yi." Abin haushin, maganar tana da ƙanshin gaskiya. Ganin farar balbela dubu bai hana a sami baƙa a wani kurmi ba. Masana sun faɗe ta ne don kada su yi girman kai. Kai za ka faɗe ta don kada ka cike rami.

2. Nemi awo da bakinka

Idan duba-gari ya kai ruwan rijiyar awo, ya dawo da takarda cewa akwai ƙwayoyin cuta irin na bayan gida, karɓe ta da hannu biyu. Gyara tabarau. Sai ka tambaya a hankali: "Bayan gidan wa? An rubuta suna?"

3. Kada ka musa, ka ƙara

Awakin unguwa. Gugan da ake yarwa a ƙasa. Kankanar da yaran suka sha a Kwangila. Ba sai ka yarda da ko ɗaya ba, a dai wayi gari kullum da sabuwar "wataƙila". Wataƙila ba ta ƙarewa. Yaran ne ke ramewa.

4. Ranar shuni

Nan ake gane gwani. Sumaiya, 'yar Hajiya mai karatu a jami'a, ta sa mai unguwa ya tsaya, aka zuba shuni a shaddar. Kwana biyu, guga ya fito da ruwa shuɗi-shuɗi. Malam Kailani ya leƙa, ya ce, "Sau ɗaya ne. A maimaita."

Aka maimaita.

"Sau biyu ke nan, 'yata. Na ukun kin gan shi?"

5. Ka zo da azumi

Yi hattara da wanda bai karanta littafin kowa ba. Hajiya ta ɗebo ruwan a moɗa, ta miƙa wa Malam Kailani gaban jama'a.

"Malam, tunda ba a tabbatar ba, bismillah."

Ce kana azumin nafila. Idan ta tuna maka yau Laraba ce, ce ramuwa kake yi. Idan ta ce za ta jira a sha ruwa, tuna cewa ana nemanka a unguwar Kongo.

Gargaɗi

Babu ruwan marubucin nan da abin da zai biyo baya, ƙarin ruwa a asibiti ne ko tambayar kabari. Gaskiya ne littafin da jimlar take ciki nawa ne, gwanjo na saye shi a bakin titi, kuma ni na ara wa Kailani. Na juya maganar ta kowace fuska, ko ina da kaso a laifin. Ba a tabbatar ba.

Tun watan jiya dai wurin 'yan garuwa nake sayen ruwa. Masallaci kuwa ta bayan layi nake zuwa, don Hajiya ba ta ajiye moɗar ba.